Yadda Muka Mayar da Bolar Bakin Kududdufi Dandalin Unguwa

Tun da hotunan dandalinmu suka fara yawo a Facebook, da wuya mako ya wuce wani daga wata unguwa bai tare ni bayan la'asar ba da tambaya guda: Malam, ta ina kuka fara? Amsar da nake bayarwa ba ta yi wa mutane daɗi, domin mun fara ne ta inda bai dace ba, kuma sai da muka ƙona kuɗin jama'a muka zauna wata shida a wuri ɗaya kafin mu gane. Ni malamin firamare ne, ni ne kuma magatakardan ƙungiyar unguwa, littafin taro da rasitai duk suna hannuna. Shi ya sa na ga gara in rubuta abin daki-daki yadda ya faru, wanda zai bi bayanmu ya tsallake ramukan da muka faɗa.

Unguwarmu tana cikin ganuwa, irin tsoffin unguwannin Kano da lungu ke shiga lungu. A tsakiyarta akwai kududdufi. Wanda bai tashi a birni ba zai ɗauka rami ne kawai, amma daga irin waɗannan ramukan kakanninmu suka haƙi ƙasar da suka gina soraye da zauruka, ramin kuma ya zama matattarar ruwan sama. Da damina duk ruwan indararon gidaje nan yake gangarowa ya kwanta, ya tsane a hankali. Da muna yara mun kama tarwaɗa a cikinsa. Da unguwa ta cika, sai aka fara zuba shara a gefensa na gabas, yau kwando gobe baro, har bola ta cinye kusan rabinsa ta yi tudu. Leda, toka, kashin awaki, kwalaben magani, babu abin da babu. Da daddare wasu samari su kewaya bayan tudun su yi shaye-shayensu. Kowa yana tsaki idan ya zo wucewa, kowa kuma yana aiken yaronsa da shara da asuba.

A watan Agustan 2022 aka yi wani ruwa da ya fara bayan isha'i bai tsaya ba sai asuba. Kududdufin ya kasa ɗauka, ruwa ya koma lunguna ya shiga gidaje goma sha ɗaya, katanga biyu suka zube. Allah ya kiyaye ba a rasa rai ba. Ranar Juma'ar da ta biyo baya Liman ya yi sanarwa, muka zauna a ƙofar masallaci bayan magariba, maza wajen saba'in. A wannan zaman aka yanke cewa a kwashe bolar, a cike sauran ramin gaba ɗaya, a yi filin ƙwallo a gefe, a jera shaguna shida a bakin hanya kuɗin hayarsu ya riƙa shiga masallaci. Aka sa wa kowane gida Naira 500 duk mako. Na riƙa zagayawa da littafi ranar Asabar, wani gidan a ba ka da fara'a, wani a ce maigidan ba ya nan alhali ga takalminsa a zaure. Cikin mako shida muka haɗa Naira 310,000. Jikinmu na rawa, muka ɗauko feloda, wato motar kwasar ƙasa, da tifa biyu a ƙarshen Oktoba.

Kwana ɗaya da rabi ana aiki. Rana ta biyu da hantsi sai ga wata mota ta tsaya, wani mutum ya fito da farar shadda, ba mu taɓa ganinsa ba. Bai ɗaga murya ba. Ya tambayi wanda ya ba mu izini, muka ce ai bola ce, ta jama'a ce. Ya ce bolar ce ta jama'a, ƙasar da ke ƙarƙashinta ta kakansa ce, kuma idan tifa ta ƙara ɗaukar shebur ɗaya za mu haɗu a gaban alƙali. Samari suka taso za su yi masa ihu, Liman ya tsawatar. Mai feloda ya kashe injinsa ya ce shi dai kuɗin yini biyu zai karɓa cif. A wannan yini da rabi Naira 190,000 ta tafi, bolar kuma ko kashi ɗaya cikin huɗu ba a taɓa ba. Daren nan ban runtsa ba. Abin da ya fi damuna shi ne yadda zan koma gidajen zawarawan da suka ba ni ɗari biyar ɗinsu daga kuɗin ƙuli-ƙuli in ce musu me.

Washegari muka je wurin Mai unguwa, inda ya kamata mu fara tun farko. Ba wai ba ya cikin taron masallaci ba ne, yana nan, amma zama cikin taro daban, zuwa zaurensa a durƙusa a ce ga abin da muke nufi daban. Muka cire takalma muka yi gaisuwa, na ce, "Ranka ya daɗe, mun yi garaje, mun zo a nuna mana hanya." Ya ɗan yi shiru, sannan ya ce, "Malam, da kun tambaye ni da na faɗa muku. Amma na ga kun riga kun ɗauko mota." Ya sa aka fito da wata tsohuwar adaka, ya zaro takardu da suka yi ja. Cikinsu akwai wata da aka rubuta da ajami tun zamanin kakansa yana riƙe da unguwar, tana shaida cewa an sayar wa wani falke gefen gabas na ramin domin ya ɗaure dabbobinsa. Iyaka kuwa an faɗe ta da wata kuka da wata rijiya, kukar ta faɗi tun ban zo duniya ba, rijiyar kuma tana ƙarƙashin bolar. Daga nan Mai unguwa ya kai mu wurin wakilin fuskarmu, wanda a cikin birni shi ke zaune a matsayin dagaci, shi kuma ya sa mana rana a gaban Hakimi. Tsakanin waɗannan zuwa uku an ɗauki mako biyar. Ba a karɓi kuɗi a hannunmu ba, sai dai ɗan goron gaisuwa da muka riƙa kaiwa bisa al'ada. A fadar Hakimi mun zauna daga ƙarfe tara har azahar, domin akwai rigimar gado da ta iyakar gida a gabanmu. Da aka zo kanmu bai yi minti ashirin ba. Ya umarci Mai unguwa ya tattaro magada, ya kuma sa magatakardansa ya rubuta mana wasiƙa mai hatimi cewa masarauta ta san da maganar. Wannan wasiƙar ita ta buɗe mana kusan duk ƙofar da muka ƙwanƙwasa daga baya. Ku yi mata kwafi goma tun ranar da kuka karɓa.

Tattaro magada shi ne aikin da ya fi cin rai. Falken nan ya bar zuriya, da aka ƙirga masu haƙƙi sai suka kai ashirin da uku, wasu a Kurna, wasu a Hotoro, ɗaya a Legas, wata tana aure a Damagaram. Mai farar shadda ɗaya ne daga cikinsu, kuma da muka zauna da shi sai na gane ba mugun mutum ba ne. Tsoronsa shi ne abin da kowa ya sha gani: a taru da sunan aikin gayya a share wuri, bayan shekara biyu a wayi gari wani mai hannu da shuni ya kafa shaguna, ba magada ba jama'a. Da ya ji cewa mu ma shaguna muke shirin yi, sai ya yi dariya ya ce to ai kun ga. Wanda ya warware ƙullin wata dattijuwa ce, babbar jikar falken da ta rage, tana zaune lungu biyu da ramin, ruwan Agusta ma ya shiga ɗakinta. Muka je gaishe ta da Liman cikin azumin 2023. Ta saurare mu tana jan carbi, ta ce, "Allah gafarta Malam, idan aka raba wurin nan ashirin da uku, kowa me zai samu, wurin shimfiɗa tabarma? A yi wa Kaka sadaka mai gudana da shi." Ita ta riƙa kiran 'yan'uwanta a waya ɗaya bayan ɗaya. Sharaɗinsu guda biyu ne: ba za a taɓa gina shago ko gidan haya a wurin ba, kuma dole ɗaya daga zuriyarsu ya kasance cikin masu kula. Bayan ƙaramar Sallah muka je kotun shari'ar Musulunci aka rubuta waƙafi. An nemi takardar ajamin, da jerin magada, da katin shaidar kowa, da shaidu biyu, waɗanda ba sa gari kuma suka aiko da takardar wakilci. Sau uku muka je, domin zuwan farko mutum biyu ba su aiko da tasu ba. Akwai Hukumar Zakka da Hubusi a Kano da ke kula da sha'anin waƙafi, mun kai musu kwafi su ma su ajiye.

Kafin a kai ga kotu sai da muka yi wa ƙungiya rajista, domin ba a damƙa amanar wuri ga "mutanen unguwa" haka kawai, sai an san su wa da wa. A sakatariyar ƙaramar hukuma akwai sashen da ke kula da ƙungiyoyin taimakon kai da kai. Sun nemi tsarin mulkin ƙungiya a rubuce, da sunayen shugabanni da hotunansu, da bayanin taron da aka zaɓe su, da sa hannun Mai unguwa. Kuɗin fom da na shaida ba su taka kara sun karya ba, kuɗin mota da na buga takardu sun fi su. Abin da ya wahalar da mu lokacin ne. Farkon 2023 ne, ga canjin kuɗi, takardar Naira ta ɓace a gari, ga zaɓe a Fabrairu da Maris. Karo-karonmu ya tsaya cak, wa zai ba ka ɗari biyar alhali ya kwana a layin banki? A wannan tsakanin wani mutum da ke zama a bakin wani ofishi ya ce ya san hanya, zai fito mana da shaida cikin kwana uku. Muka tura masa Naira 15,000, har yau wayarsa a kashe take. Da na shiga da ƙafata na tarar da jami'ar da ke kan aikin, ta duba takarduna ta nuna mini wurare biyu da zan gyara, cikin mako biyu shaida ta fito. Zuwa da kai ya fi aike. 'Yan takara kuma sun yi ta aiko mana, wani ya ce zai kawo siminti buhu ɗari idan za a rubuta sunansa a bango. Dattawa suka ce a gode masa a bari sai bayan zaɓe, domin wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Bayan zaɓe ba mu sake jin ɗuriyarsa ba. Da shaidar ƙaramar hukuma muka buɗe asusu a wani ƙaramin banki, da sa hannun mutum uku. Idan kuna son babban asusu ko tallafi daga waje, za a tura ku rajistar amintattu a hukumar rajistar kamfanoni ta ƙasa, CAC, rajistar da ke buƙatar sanarwa a jarida da jiran kwana 28 ko wani zai ƙalubalanta. Mu ba mu kai can ba tukuna.

Mun zaci da takardar kotu magana ta ƙare. Ashe da sauran rina a kaba. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa ƙasar cikin birane a hannun gwamna, ƙaramar hukuma ikonta a kan ƙasar karkara yake. Saboda haka waƙafin ya kashe rigima tsakaninmu da magada, amma bai ba mu izinin aza bulo ko karkatar da ruwa ba. Sai da muka je Ma'aikatar Ƙasa aka duba ko an taɓa ba wani wurin a rubuce, muka ɗauki safiyo ya auna ya fitar da taswira, Naira 60,000 muka ba shi bayan ya yi mana ragi, sannan muka kai zane hukumar tsara birane, KNUPDA, wadda tsofaffi har yanzu ke kira KASEPPA. A ɗaya daga ofisoshin da muka bi, ba zan faɗi wanne ba, fayil ɗinmu ya yi ɓatan dabo mako bakwai. Duk Talata ina can bayan na tashi daga makaranta, in zauna a benci da wasu irina, a ce Yallaɓai yana mitin, a ce an ɗauke wuta, a ce a dawo jibi. Abin da ya cece mu shi ne ranar da na miƙa takardun na sa an buga mini hatimin karɓa a kan kwafina, da kwanan wata. Da na nuna shi sai aka tashi masinja, bai yi awa ɗaya ba ya fito da fayil ɗin daga ƙarƙashin wasu.

A watan Agustan 2023, ana tsakiyar ruwa, wani injiniya ya zo duba wurin. Matashi ne, ya naɗe ƙafar wandonsa ya zagaya ramin, ya bi lunguna yana kallon inda ruwa ke gangarowa. Da ya dawo ya kalli zanenmu ya ce, "Baba, idan kuka cike ramin nan, ruwan da yake sha ina kuke so ya je? Ɗakunanku zai koma." Ya yi mana bayanin cewa ambaliyar bara ba don ramin yana nan ta faru ba, don rabinsa ya tafi ne, kuma unguwanni da yawa a birni da aka cike kududdufansu aka gina, abin da suke fama da shi ke nan duk damina. Ya ƙara da cewa ƙasar da aka tara da shara ba ta ɗaukar gini mai nauyi, tana ruɓewa tana zama shekara da shekaru. Shawararsa ita ce a bar ruwan a yashe shi, a kewaye shi saboda yara, a fitar masa da mafita zuwa babban lambatu ta yadda idan ya kai wani ma'auni zai zube da kansa, gefen bolar kuma a kwashe abin da za a iya, a danne sauran da burji. Wato dai zanen da maza saba'in suka yi a ƙofar masallaci ya mutu: shaguna magada sun hana, cikewa injiniya ya hana. Ya ce mu sake zane mu dawo.

A nan ne matata ta faɗa mini maganar da har yau nake jin nauyinta. Ina zaune ina ja da goge layi a takarda, ta ce, "Malam, wai duk wannan abin da kuke yi, kun tambaye mu? Wa ke aiken yara da shara? Wa ya kwashe ruwa da roba daren nan?" Na buɗe littafin taro na duba, zama goma sha tara muka yi, babu mace ko ɗaya, babu yaro, babu ɗan garuwa, babu almajiran tsangayar da ke bakin ramin, babu mai shayin da ya shekara goma sha a kusurwar. Na kai maganar gaban kwamiti. Wasu dattawa suka ce ai kowane magidanci yana magana da yawun iyalinsa. Mai farar shadda, wanda yanzu yake cikinmu, shi ya goya mini baya, ya ce ai da ba don tsohuwa ba da babu wurin ma. Muka roƙi malamar Islamiyyar matan aure ta ba mu rabin awa bayan darasi, sau uku, ni ina daga zaure ita tana kai magana tana kawowa. Abin da ya fito bai yi kama da namu ba ko kaɗan. Ƙwallo ba ta dame su ba. Suna son wurin da za a zuba shara a kuma kwashe, domin idan aka hana bola ba a ba su madadi ba, a kwata za ta ƙare. Suna son fitila, saboda mace da daddare take fita unguwa kuma kewaye mai nisa suke yi don gudun bayan tudun. Suna son wurin kafa rumfar biki da ta zaman makoki, a daina toshe lungu kwana uku har mai naƙuda ta rasa ta inda adaidaita sahu zai shigo. Suna son inuwar da ƙananan yara za su yi wasa inda ido zai kai daga ƙofar gida. 'Yan garuwa suka ce a bar musu hanya mai faɗin kura kada a sa matakala. Malamin tsangaya ya ce banɗaki. Babu wanda ya taɓa kawo maganar banɗaki cikin zama goma sha tara, alhali kowa ya san abin da ake yi a bayan bolar.

Da muka ga takarda ba kowa ke gane ta ba, sai muka yi dabara. Bayan ɗaukewar ruwa, a watan Nuwamba, muka samo toka da igiya muka zana komai a ƙasa da girmansa na gaske: nan rumfa, nan dakali, nan banɗaki, nan hanya, nan wurin shara. Muka bar shi kwana goma, muka ce kowa ya zo ya taka ya gani. Maza suka zo da la'asar, mata suka zo bayan isha'i da fitilar waya, yara kuwa wuni suke a ciki. Sau huɗu muka share toka muka sake. An matsar da banɗaki domin ƙofarsa tana kallon zauren wani. An matsar da wurin shara zuwa bakin titi inda mota za ta iya tsayawa. Mai shayi ya nuna mana cewa inda muka sa dakalin tsofaffi rana ce ke dukansa daga azahar har magariba, wanda shi kaɗai ya sani don shi ke zaune a wurin. Samari suka yi fushi da filinsu ya koma na 'yan biyar-biyar, har suka ƙaurace wa aiki mako biyu, sai da aka ba su kujera biyu a kwamiti da riƙon makullin fitila suka dawo. Wannan zanen na toka shi wani ɗalibin zane-zanen gine-gine ɗan unguwa ya mayar a takarda kyauta, muka mayar wa hukuma, izini ya fito a Disamba.

Aikin hannu shi ne ya fi sauƙi, ko da yake kuɗi sun ba mu kashi. An cire tallafin mai a ƙarshen Mayun 2023, kuɗin tifa ya ninka, siminti da muka yi lissafinsa a kan dubu huɗu da wani abu ya doshi dubu goma a Fabrairun 2024. Dole muka rage buri: katangar da za ta kewaye ruwa ta koma bulo jere uku da waya a sama, rumfa ta koma ginshiƙai da kwano ba daɓen siminti. Shara kuwa, abin da muka biya feloda a kansa a farko ashe ana iya samunsa da wasiƙa. Muka rubuta wa hukumar kwashe shara, REMASAB, muka daidaita gayyarmu da tsaftar muhalli ta Asabar ɗin ƙarshen wata, lokacin da ake hana zirga-zirga da safe kowa yana gida. Mu tara da shebur da manjagara da baro, motarsu ta ɗauka. Asabar huɗu aka yi haka. Birkilolin unguwa suka yafe ladan Juma'a, mata suka yi adashi na musamman suka sayi fitilun sola uku, suka kuma riƙa aiko da kunu da ɗanwake ranar gayya. Abin da ya ba ni mamaki shi ne karo-karo. Gidajen da a da ake ce mini maigidan ba ya nan, bayan zanen toka da kansu suke aiko yaro da kuɗi, domin uwargida ta taka wurin ta san inda rumfarta za ta zauna. Gaba ɗaya abin da ya shiga littafina daga farko zuwa Afrilun 2024 ya ɗan haura Naira miliyan biyu da dubu ɗari huɗu, kuma duk ƙarshen wata ina manna lissafi a bangon masallaci, kwafi ɗaya kuma a Islamiyyar mata.

Da za a mayar da ni Agustan 2022, ba zan karɓi sisin kowa ba sai na san mai ƙasar, kuma wurin sanin haka zauren Mai unguwa ne, ba ofis ba. Wurin da ya fi kama da marar mai shi, shi ya fi yawan masu shi. Bayan haka zan yi rajistar ƙungiya, in nemi mai ilimin ruwa da ƙasa ya zo ya gani da idonsa, da damina ba da rani ba, kafin kowa ya ƙwallafa rai a kan wani zane. Zanen kansa ba zan bari a yi shi a ƙofar masallaci kaɗai ba, don masu zuwa taro ba su ne suka fi amfani da wuri ba. Kowace takarda a yi mata kwafi, kowace miƙawa a karɓi hatimi, kowane biya a karɓi rasit, kada kuma a ba ɗan bakin ƙofa ko kwabo. A sa mutum biyu su riƙa bin fayil, domin ni kaɗai na bi namu har shugaban makarantarmu ya fara yi mini kallon banza. Sannan a rubuta sharaɗin abin da ba za a taɓa yi a wurin ba tun ana shiri da juna. Mu namu yana cikin takardar waƙafi, kuma tuni ya yi amfani, don an riga an zo mana da tayin kafa kwantena biyu a bakin hanya, muka buɗe takarda muka nuna.

A watan Yulin 2024 muka dasa darbejiya goma sha biyu da mangwaro huɗu. Awaki sun cinye biyar a makon farko kafin mu kewaye sauran da ƙaya da tsofaffin tayoyi, yanzu almajiran tsangaya ke ba su ruwa, kowace bishiya da mai ita. Ramin ya cika sau biyu a daminar ya zube ta mafitarsa, bai shiga gidan kowa ba, sai dai sauro yana nan, kuma duk mako sai an cire leda daga bakin wayar mafitar. Rigimar da ke gabanmu yanzu ta ranar Lahadi ce: samari suna da wasa da yamma, masu biki kuma sun fi son ranar. Mun sayi kalanda mun rataye a rumfar mai shayi, wanda ya riga rubuta suna shi ke da wuri. Makon jiya wani ya goge sunan wani da biro, zaman kwamiti na Alhamis a kan wannan za a yi shi.